Ƙasar da Yaya Saratu Ta Taka da Yatsa Ɗaya

Da wannan daminar aka cika shekara shida da muka kai Yaya Saratu makwancinta. Ni ne Ishaya, ƙaninta na ciki ɗaya, tela a Sabon Garin Zariya. Kowace shekara dangi kan sa hotonta a jarida da 'yar addu'a a ƙasa, shi ke nan. Bana na ce ni zan rubuta, kuma zan rubuta abin da ake kauce masa in an zo maganarta: yayata, malamar makaranta mai ritaya, 'yar zumuntar mata ta coci, ta yi shekarunta biyu na ƙarshe tana buga gem, wato wasan bidiyo, a talabijin. Ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. Ni ma ba na ji.

Wanda bai san ta ba zai yi mamaki, don haka bari in faɗi ko wace ce. Labarin ƙasa ta koyar a wata sakandaren 'yan mata har ta yi ritaya. Mace ce mai ƙafa. Daga gidanta na Hanwa takan taka har Samaru alhali ga motocin haya na ta yi mata ham. Ɗalibanta na tuna yadda take kwashe su zuwa dutsen Kufena, ta sa su hau, ta nuna musu inda ruwa ke bi in ya sauko. Mijinta ya riga ta rasuwa, 'ya'yanta biyu aiki ya kai su nesa, ita kuma ta ce gidanta ya ishe ta.

Hawan jini ne ya kayar da ita wata safiya tana shara. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Magana ta dawo a hankali, ƙafa ba ta dawo ba, hannun kuma ya dunƙule. Watanni ta yi tana kallon bango. Masu zuwa gaisuwa sukan tsaya a kanta su tambaye ni, "Ta ci abinci? Ta yi barci?" ita kuwa ga ta nan ido buɗe tana jin su. Wannan ya fi ciwon yi mata ciwo, ko da yake a lokacin ba ta faɗa ba.

Hadiza ce ta kawo gem ɗin. Tsohuwar ɗalibarta ce, a lokacin tana karatun digiri na biyu a jami'a, tana zaune a Samaru. Ta zo da na'urar a jakar goyo, ta ce mai gashin ƙashi ya ce duk abin da zai sa yatsu motsi yana da amfani. Ta zo kuma da Emeka, mai gyaran kayan lantarki a Sabon Gari, magidanci ne da 'ya'yansa, haifaffen Zariya, Hausa a bakinsa kamar ta ɗan Zazzau sai in ransa ya ɓaci ya koma Turancin buroka. Shi ya haɗa wayoyi, shi kuma ya sauya tsarin hannun gem ɗin, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, ya mai da tafiya ɓangaren dama inda babban yatsanta ke aiki. Sara da kariya suka koma hagu. Nan aikina ya fito. Sai in zauna a gefenta na hagu, mu riƙe hannun gem ɗin tare. Ta kafa mini doka tun ranar farko: tafiya tata ce, faɗa nawa, kada in kuskura in juya mata akala.

Gem ɗin wata ƙasa ce mai faɗi, da tsaunuka da koguna da ƙauyuka da kufai. Akan ajiye mutum a tsakiya da tsohon takobi, a ce akwai wani birni can ƙetaren kogi da ake son ya ceto, amma ba wanda zai tilasta masa hanya. Taswirar ma fara ce fat, sai inda ka taka yake bayyana. Da Hadiza ta nuna mata haka, Yaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wato ba wanda zai ce mini zauna?" Hadiza ta ce, "Babu, Malama." Ranar har aka ɗauke wuta ba ta sake hannun gem ɗin ba, kuma ita da kanta ta ce a tayar da janareta.

Daga nan Asabar da rana ta zama ranarmu. Kuma gaskiya musu muka fi yi a kan buga gem ɗin. Duk lokacin da mutum ya ci gaba akan ba shi maki ya zuba inda yake so: ƙarfin sara, ko kaurin sulke, ko juriyar tafiya da hawa, ko sanin ganyen magani. Emeka ɗan gaggawa ne, shi a zuba komai a sara, a je a tare manyan dodanni, don kowa ya ci zomo ya ci gudu. Hadiza mai lissafi ce, ta karanta abin da 'yan wasa ke rubutawa a intanet, ita ba a fafe gora ranar tafiya, a tara ƙarfe a je wajen maƙeri a ƙera sulke tukuna. Yaya kuwa kusan duk makin da ta samu a juriya take zuba shi. Ta ga tsauni sai ta hau. Ta hau sai ta tsaya ta juya ko'ina tana duba yadda ƙasar ta kwanta, mu kuma muna ta hamma. In Hadiza ta ɗauko waya za ta karanto mata hanya, sai ta ce a ajiye, zuwa da kai ya fi aike.

Rigimarmu mafi girma a kan wata gada ce. Kogin da ya raba ƙasar biyu gada ɗaya gare shi, wani ƙaton dodo mai guduma na tsare da ita. Emeka ya ce a afka masa. Muka afka, ya niƙe mu. Hadiza ta ce ai ta faɗa. Yaya ta buɗe taswira ta ce babu kogin da ba shi da mafari, kuma a mafarinsa ko akuya ta tsallake shi. Ta ɗauki gaɓar kogin ta yi ta haurawa, Asabar bayan Asabar, ta fadama, ta kwazazzabo, har muka kai inda ruwan bai wuce idon sawu ba. Ta tsallaka tana dariya, dariyar da rabon da in ji ta tun kafin ciwon. Ba mu yi nisa a ƙetaren ba wani ɗan kare na daji ya fito ya kashe mu da cizo ɗaya, don ƙasar can an yi ta ne domin masu sulke. Emeka ya yi dariya har da faɗuwa daga kan kujera. Can Yaya ta ce, "Hadiza, ina maƙerin nan naki yake?" Haka take. Tana da taurin kai, amma in gaskiya ta bayyana ba ta jayayya da ita. Ta dai ƙara da cewa ko ba komai yanzu ta san inda kogin ya fito, mu kuwa da ba mu sani ba.

Ana cikin haka maganar ta kai kunnen babban wanmu, Yaya Markus, wanda ke zaune a ƙauyenmu. Ba mugu ba ne, ina so a fahimci wannan. Mutum ne da ya saba in ya yanke magana ta yanku. Ashe an yi taron dangi ba a kira ta ba, ni ma ba a kira ni ba, an yanke a mai da ita gida inda akwai mata masu kula da ita. Wata Asabar sai ga shi da motar haya da mata biyu daga zumunta. Ya same mu a bakin gadar nan, mun dawo da sabon sulke, ina ta danna sara gumi na zuba.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Saratu, ashe abin da nake ji gaskiya ne? Ranarki ta yi yamma, maimakon ki riƙe Littafi, kin riƙe abin wasan yara, da aljanu a ciki?"

Ita ta tsayar da gem ɗin da yatsanta. Ta gaishe shi yadda ƙanwa ke gaishe da wa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Yaya, Littafina ga shi nan gefen filo, da shi nake buɗe ido kullum. Amma kun zauna a kaina ba ku kira ni ba. Ɓarin jikina ne ya shanye, hankalina yana nan."

Ya ce don alherinta ne, can za ta huta.

Ta ce, "Can za a kwantar da ni a ɗaki, a riƙa leƙowa a ga ko na cika. A nan ina da wurin zuwa ran Asabar. Ranar da na mutu ka turo motar nan, ba zan yi maka gardama ba. Kafin nan ba inda za ni."

Ɗaya daga cikin matan ta sunkuyar da kai. Yaya Markus ya dube ni, yana jiran in sa baki a ɓangarensa kamar yadda ƙane ya kamata ya yi. Na ce masa, "Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Tun da nake ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya juya ya fita, motar ta koma ba tare da ita ba. Yaya Saratu ta ce in gyara mata filo mu ci gaba. Dodon ya sake kashe mu a ranar, ba sau ɗaya ba. Sai da muka ƙara wasu makonni, muka koyi cewa in ya ɗaga guduma da hannu biyu ita za ta kewaya bayansa ni in sara, sannan muka kayar da shi. Ta taka gadar a hankali, ta tsaya a tsakiya tana kallon ruwa.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce gem ya warkar da ita ba. Hannun hagun ya ɗan saki, yatsu biyu suka fara motsi, iyakarsa ke nan. Abin da ya dawo shi ne ita kanta. Ta koma yi mana faɗa, ta koma zaɓen abin da za a dafa, ta sa aka riƙa kai ta coci a keken guragu, ta zauna a gaba ba a baya ba. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi, kuma kowa da irin ruwan da yake sha. Ciwon ya sake dawowa wata rana da la'asar, bai ba ta kwanaki da yawa ba. Birnin nan na ƙetare ba mu kai gare shi ba, don kullum akwai wani tsaunin da take son ta fara dubawa. Yaya Markus ya turo motar, muka kai ta gida. A wajen jana'iza an yi maganar koyarwarta da hidimarta a zumunta, duk gaskiya ne. Ba wanda ya ambaci Asabar. Hadiza da Emeka suna tsaye can baya, ba a ma san dalilin zuwansu ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Yanzu a Samaru ba sai da talabijin ba, ɗalibai na buga irin waɗannan gem a waya, a bakin titi, a cikin keke napep. Na ga wasu kafin su taka ko'ina sai sun kalli bidiyon wani ya nuna musu hanya daga farko har ƙarshe. Na san da ta yi tsaki, ta ce an ba su ƙasa sun ɗauki ɗan jagora. Amma na san kuma da ta ja kujera kusa da su, da kafin a jima an fara musu. Da ta yi murna da wutar sola, don ba abin da ke ƙona mata rai kamar a ɗauke wuta tana tsakiyar hawa. Da ta yi baƙin cikin yadda malamai ke tsoron fita da ɗalibai daji yanzu. Mu ukun har yau muna haɗuwa, ba kowace Asabar ba, a shagon Emeka. Shi har yanzu gaggawa, Hadiza har yanzu lissafi, ni kuma na gano ban iya tafiya ba sam, sai in yi ta faɗawa rami.

To me ya rage? Ɗalibanta sun rage, suna ko'ina. Gidan Hanwa an ba da shi haya. Amma bari in faɗi abin da ya faru a shagona cikin watan jiya. Wasu samari biyu, 'ya'yan maƙwabcina Malam Tanko na Jushi, tsohon bakanike da irin wannan ciwon ya kayar, suka zo karɓar ɗinki. Suna jira suna shawarar inda za a kai uban: ɗaya na cewa ƙauye, ɗaya na cewa gidan yayarsu a Kaduna. Na tsayar da keken ɗinki na ce, "Kun tambaye shi?" Suka dubi juna. Ɗayan ya ce ai Baba ba ya iya magana sosai. Na ce su je su zauna, su jira, komai daɗewar da zai yi kafin ya haɗa kalmar.

Sun je. Ba ƙauye yake so ba, ba Kaduna ba. Garejinsa yake so. Yanzu kowace safiya suna tura shi su ajiye a inuwar bakin garejin. Shekaranjiya na wuce na same shi yana nuna wa babban ɗan da sanda cewa ba nan matsalar injin take ba, ɗan na cewa nan ne, shi yana buga sandar a ƙasa. Na gaishe shi bai ko kula ni ba. Yana da aiki a gabansa.