Kawu Amandio, Mai Mayar da Ƙasa Kan Tudu

Duk safiyar da aka tashi da ruwa, Kawu Amandio ba ya jiran a faɗa masa aiki. Zai gutsuri burodi da zaitun, ya saɓi kwando, ya gangara gindin gonar inabin Uwargida Filomena, inda ruwa ya jibge ƙasar da ya kwaso daga sama. Ya cika, ya hau, ya juye a gindin kuringar inabin da saiwarta ta fito fili. Tun ina yarinya nake ganin wannan hawa da sauka, ga shi yau furfura ta cinye kaina.

Mu 'yan kwarin Douro mun san gonar nan ba iri ɗaya ba ce. Ta bakin kogi ƙasarta kauri gare ta, inabinta manya amma lami. Mai kallon kudu rana ke gasa ta. Ta ƙoli kuwa, ƙasar ba ta fi kaurin tafin hannu ba a kan dutse, iska na ratsa ta, 'ya'yanta ƙanana, kuma su ke ba ruwan inabin gidan ɗanɗanon da ake yabo a birni. Masu yabon ba su taɓa jin sunan Amandio ba, abin yana ci mini rai.

Kai ne ka riƙe ƙolin nan, Kawu, mai doron ƙarfe. Shekarar da katangar dutsen da ke tare ƙasar sama ta zube, da idonmu muka ga ka tayar da ita dutse-dutse, kana tari.

Filomena ba ta ɓoye ba: tarakta ba ta hawa can, samari sun tafi Faransa, ranar da Amandio ya ajiye kwando za a bar wa daji ƙolin. Shi ya sa ya yi ta jan gwiwoyinsa har suka ƙi. Bana likita ya hana shi hawa, matarsa Deolinda ta kulle kwandon a ɗaki.

Makon jiya bayan ruwa, Deolinda ta ritsa shi a tsakiyar gangare yana dogara sanda, aljihunan kwat ɗinsa cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Tsohon banza, wannan 'yar ƙasar me za ta tsinana?"

"Saiwar kuringa ɗaya za ta rufe," in ji shi. "Ke dai shige gaba ki ja ni."

Mun gode, Kawu, ka zauna haka nan. Ku kuma masu sauran gwiwa, ruwa bai ɗauke ba tukuna, ku taso. Deolinda ta ce za ta miƙa kwandon ga duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarta. Har yau ba wanda ya je.