Ƙuri'ar Cormac Tierney

A zamanin da Cormac Tierney ke noman dankali a yammacin Ayaland, ba a ɓoye ƙuri'a. Mutum zai hau dakalin kotu ya faɗi sunan gwaninsa da baki, wakilin mai ƙasa, wato mamallakin gonakin yankin, na tsaye yana ji. Gonar Cormac ta haya ce tun kakansa, kuma kowa ya san duk wanda ya saɓa wa mai ƙasa ya rabu da gonarsa.

Mazaɓar tasu 'yar ƙarama ce, masu ƙuri'arta ba su cika coci guda ba. Zaɓe bayan zaɓe Cormac na faɗin sunan ɗan mai ƙasa can cikin maƙoshi, shi da muryarsa ke firgita maruƙa a kasuwar shanu. Abin na ci masa rai ƙwarai.

Sai wata shekara wani lauya ya tsaya don 'yan haya. Da safiyar zaɓe, Hargrove wakilin mai ƙasa ya turo kekunan doki da giya a kwashi mutanensa. Nuala matar Cormac ta tare mijinta a bakin ƙofa.

"Baban Eilis, na ga take-takenka. Ka dai tuna rufin da ke kanmu."

"Na tuna mana, ai ni na rufa shi."

Ta dube shi ta daɗe. "To in za ka yi, kar ka je kana mini ƙunƙuni kamar mai ciwon haƙori. Ka faɗa a ji!"

Ya kuwa faɗi sunan lauyan, har masu sayar da kifi a ƙarshen layi sai da suka waiwayo. Lauyan ya sha kaye, da bazara kuma aka zo tashinsu. Cormac bai roƙi kowa ba. Ya ɓalle ƙyauren gidan ya saɓa a baya.

"Ina za ka da shi?" in ji Hargrove.

"Ƙasa taku ce, ranka ya daɗe. Wannan ni na sassaƙa abina."

A gari ya ƙare rayuwarsa yana dako da keken doki, har aka soke mazaɓar aka haɗe ta da ta maƙwabta. Bai sake riƙe gona ba, don haka bai sake samun ƙuri'a ba. Kewar gonar ta bi shi har kabari, amma ko sau ɗaya Nuala ba ta ji ya ce da na sani ba.