Jar Waya da Farar Waya

Ranar da aka kai mijina makwancinsa, yayarsa ta ɗauko zanen atamfa ta lulluɓe talabijin ɗin falonmu. Ta ce ba za a sake kunna shi ba sai na fita takaba. Ban yi musu ba, don a ranar ko gidan ta ce a rufe da zane, "to" zan ce. Daga Paikon Kore ta zo, ta bar gonarta ta tare a gidanmu na Nyanya don ta taya ni zama. Mace ce mai tsoron Allah, amma in ta kafe a kan magana, ba mai tanƙwara ta.

Sai bayan sadakar arba'in, da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, na gane abin da ke samuna. Na fara manta muryarsa. Fuskarsa tana nan, har ta yi mini yawa, fuskar da ciwon ƙoda ya tsotse cikin shekara biyu. Amma in na rufe ido don in tuna yadda yake sallama daga ƙofa, sai dai in ji hon ɗin motocin tasha da ihun 'yan kamasho. Wayarsa ta ɓata a asibiti. Tawa kuwa na sha goge saƙonninsa na murya ina mita wai surutunsa ya cika mini waya. Wannan har yau ban yafe wa kaina ba.

Abu ɗaya ya rage, faifan walimar saukar 'yarmu, inda ya yi jawabi.

Mijina mayen sauti ne. Lasifika biyar ya kafa a falon da bai kai ɗakin girkin wasu ba, da wata baƙar amfilifaya da yake gogewa da hankici kullum safiya. Bayan teburin wayoyi ne cunkus kamar taliya, kowace ya naɗa mata salatif ya yi rubutu a kai. Mun sha faɗa a kan kayan nan. Na taɓa ce masa ranar da ba ya nan a bola zan zuba su. Dariya kawai ya yi, ni kuma ban san bakina zai kama ni ba.

Wata hantsi Yaya ta shiga wanka, na sa faifan, na kunna amfilifaya, na danna. Shiru. Lambobi suna tafiya a fuskar na'urar faifan, alamar yana can ciki yana magana, ni kuwa ba na jin komai. Na sa hannu ƙarƙashin zanen zan kunna talabijin, sai ga Yaya ta fito.

"Haba ke kuwa! Kabarin ƙanina bai gama bushewa ba, har kin fara neman kallo?"

"Yaya, muryarsa kawai nake so in ji."

"To ai da kunne ake ji, ba da ido ba. Zanen nan ba zai ɗagu ba."

Raina ya ɓaci matuƙa, har na shiga ɗaki na bugo ƙofa. Amma da na huce sai na ga ni ma ba hoton nake so ba. In na gan shi da kumatunsa cikin babbar riga, lafiyarsa ƙalau, ban san wanda zai ɗaga ni daga ƙasa ba.

Kwana uku ina danne-danne a banza. Mai gyara namiji kuwa Yaya ta ce ba zai tako falon mai takaba ba. Sai na tuna da maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu, 'yar Filato ce, tana sayar da kayan wuta a kasuwar Masaka. Ranar Lahadi da ta dawo daga coci na leƙa ta katanga na kira ta. Ko kayan jikinta ba ta sauya ba ta durƙusa bayan teburin.

"Madam, oga ya yi connection ɗin ta TV ne," in ji ta. "Sound yana shiga TV tukuna, shi ne zai ba amplifier. In TV ya mutu, hanya ya rufe."

"To yaya za a yi?"

"Za mu bypass shi. Wannan jan waya da farin waya, mu cire daga TV mu sa a bayan DVD direct."

Ta kai hannu, sai ta tsaya ta dube ni. A jikin salatif ɗin wayoyin akwai rubutunsa, da ɗan karkataccen birona da yake sata: "Kar a taɓa." Tun da ya haɗa kayan nan ko tsintsiya ban bari ta kai wurin ba. Na ce ta matsa. Ni na zare su da hannuna, ina kuka, na soka inda ta nuna mini, ja a ramin ja, fara a ramin fari.

Ta juya wani maɓalli a amfilifayar, ta danna faifan. Nan take falon ya cika da hayaniyar taro, ana jan kujeru, mata suna gaisawa. Aka ƙwanƙwasa makirfo sau biyu. Sai muryarsa, cikakkiya, irin ta kafin ciwo:

"Assalamu alaikum. Ana ji na? Mutanen baya, kuna ji na?"

Yaya tana kan tabarma da carbinta, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Muna jin ka, Auta."

Muka jira ya ci gaba. Bai ci gaba ba. Lambobin suka tsaya cak, na'urar ta yi ta ƙugi. Maman 'Yan Biyu ta fiddo faifan, ta hura masa iska, ta goge da gefen zanenta, ta ɗaga shi a haske. Wani dogon karce ne ya ratsa shi. Sau huɗu muka gwada, a nan yake tsayawa.

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Tun rasuwar ban ga hawayenta ba sai ranar.

Daga nan kullum bayan la'asar sai ta gyara zama ta ce, "Ke, sa mana shi." In sa, ya yi sallama ya tambaya, mu amsa mu biyu. Da na fita takaba ta yaye zanenta ta koma gona. Wayoyin ban mai da su inda ya bar su ba, don haka talabijin ɗinmu har yau hoto yake nunawa babu sauti. In 'yata ta zo hutu ta yi ƙorafi, sai in ce mata kar a taɓa.