Ranar da na sayar wa mai burodi itacen amare

A cikin duk abin da ya same ni a kasuwa, akwai guda ɗaya da har in koma ga Allah ba zai fita raina ba. Shekara da shekaru ina sayar da sandunan rufi a Umbadda, wata unguwa a gefen Omdurman, na san itace kamar yunwar cikina. Ko dai haka nake zato a lokacin.

Matanmu na Sudan suna da wankansu tun kafin manyan otal-otal na Kartum su haƙa wuraren ninƙaya. Duhan ake ce masa. Rami ne a tsakar gida, a sa garwashi da itacen talha, mace ta shafa mai, ta lulluɓa da bargo ta zauna a kai, hayaƙi ya ratsa ta. Kakata ma, da ta tsaya nan a hanyarta ta Makka, a hannun maƙwabta ta koya. Yanzu abin ya zama sana'a, har gidaje ake buɗewa dominsa.

Wata dattijuwa mai irin wannan gida a Omdurman, wadda amare ke layi a wurinta, ta ce in kawo mata talha mota guda. In ya yi mata, ni zan riƙa kawo mata duk shekara. Na daɗe ina neman ƙofa irin wannan.

Mota ta iso daga kudu, na duba, raina ya ɓaci. Kusan rabin kayan ƙwaro ya huda shi, in ka buga sai gari ya zubo, cikinsa ya yi duhu. A sana'ata wannan shara ce. Direban da ya kawo yana tsaye yana shan shayi, ni kuwa na yi ta faɗa. Na ware masu kyau sumul na jera, ruɓaɓɓun kuwa na tura wa mai gidan burodi na bayan layinmu a kuɗin makamashi.

Washegari da hantsi Hajja, wato dattijuwar nan, ta zo. Ta ɗauki guda ta shinshina, ta ajiye.

"Ɗana, ina itacen?"

"Ga shi, Hajja. Da hannuna na tsince miki."

"Wannan ai na rufin ɗaki ne. Ina wanda ƙwaro ya ci?"

Na gaya mata. Ta dube ni ta ce, "Ba ka da mata ne?"

"Ina da ita."

"To ba ka tambaya."

Ashe wanda ya tsufa ya huje shi ne mai ƙamshi, shi ke ba fata launin da ake nema. Muka nufi gidan burodin. Tun daga kwana hanci ya ba mu labari: layin gaba ɗaya na ƙamshin gidan amarya. Maza sun taru a ƙofa suna tsokanar mai burodi.

"Ya zol, kai mutumina, yaushe aka ɗaura, ba ka gayyace mu ba?"

Shi kuwa ya riga ya daina sawa a wuta, don matarsa ta aiko tun da safe a kai mata ragowar gida. Na ce ya mayar mini, ya yi dariya ya ce ciniki ya faɗa. Da gaskiyarsa, ni ma da haka zan ce.

Hajja ba ta yi faɗa ba. Ta ce "Malesh, ba komai," ta hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, ta tafi. Bayan mako biyu na ga motar direban nan tana sauke talha a ƙofar gidanta. Har yau shi ke kai mata.

Tun daga ranar, kowane kaya ya shigo hannuna, ba na ware mai kyau da marar kyau sai na ji daga bakin wanda zai yi amfani da shi. Sanin itace daban, sanin abin da za a yi da shi daban.