Wasiƙar Sista Rakiya

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kwana tara ke nan ina ɓoye wasiƙar da aka aiko wa yayata, Sista Rakiya, a cikin wani littafin soyayya. Wata jami'a ce a Jamus ta kira ta aikin bincike. Tun rasuwar Mma, ita kaɗai ta rage mini a gidanmu na unguwar Choggu.

Jiya muna wanke-wanke ta kifa faranti a kan faranti.

"Kin ga, Hauwa, akwai oksaid iri biyu, dangin tsatsa. Kowanne shi kaɗai, wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa. Amma in aka shimfiɗa wani a kan wani, siriri fiye da gashi, daidai inda suka haɗu sai lantarki ya yi ta gudu."

Na ce, "Kamar masoya."

"Ke da littattafanki!" Ta yi dariya. "Na so in gani da idona. Na nema a jami'ar nan ta Jamus, ba su amsa ba. Ƙila ban kai ba ne."

Wallahi ta kai. Sau biyar na karanta wasiƙar.

Yau in ta dawo zan miƙa mata. Wanda yayarsa ta taɓa tafiya nesa, don Allah yaya ya yi ya saba?