Fangali na Goma Sha Uku

Har yau in na ji warin ɗanyar albasa da aka tuge, sai gabana ya faɗi. Bari ka ji dalili.

Kakanmu ya rasu ya bar fangali goma sha uku a fadama, bayan Aliero. 'Ya'yansa uku ne: babana da ƙannensa biyu. Tare suke noma, har ranar da ƙaramin ya dawo daga Jega ya ce a ware masa nasa. Lokacin tugar albasa ne, tsakar gida duk ta cika da ita.

Ni kuwa bakina ne ya ja mini. A makon na dami gidan da karatun da aka yi mana, wai huɗu bisa goma sha biyu ɗaya bisa uku ne. Sai babana ya ce, "Ke 'yab boko, zo ki raba muna."

Na durƙusa ina zane a ƙasa. Na gwada da uku, ɗaya ya rage. Na sake, ya sake ragewa. Ƙaramin ƙanen baba na tsaye kaina da fartanya a kafaɗa, idonsa jajir. Babana ma ya daina kallona, ɗan'uwansa yake kallo. Wallahi na tsorata. Na san duk wanda na miƙa wa ragowar nan, sai an zub da jini a gidanmu.

Cikin kuka na ce, "Malam ya ce sha uku ba ta rabuwa, sai da ɗaya ko da kanta."

Kakata, wadda ke tsince albasa a gefe, ko kai ba ta ɗaga ba. "To, na sha ukkun nau na. Kowa shi ɗauki huɗu. Amma nawan, ku ukkun za ku ba shi ruwa tare, kullum da sahe."

Haka aka yi. Suna gaba, amma dole su haɗu a fangalin tsohuwa, har gabar ta gaji ta mutu.

Yanzu kakata ta rasu, iyayen ma duk sun bi ta. Jikoki suka kawo igiya suka tsaga fangalin nan gida uku daidai wa daida, lissafi ya fita babu ragowa. Bara na je na gani. Kowane yanki ya yi ƙanƙanta da shuka, ciyawa ce kawai a ciki, kuma masu shi ko gaisawa ba sa yi.