Mai Lambun Ciyawar Roba

Shekara talatin da ɗoriya Mai Lambu ya yi yana noman latas da tumatir a bakin kogin da ya ratsa tsakiyar birni. Filin gadon ubansa ne, kuma da ganyen nan ya aurar da 'ya'yansa mata uku. Mutum ne mai ji da hannunsa. Ko sanda ya kafa, in ji shi, sai ta yi toho. Matarsa kuwa ta fi shi kurin, don ita ke kai kayan kasuwa.

Da aka tashi gyara tsakiyar birni, sai aka share lambunan kaf, aka gina otal mai hawa goma sha biyu, aka yi wurin shaƙatawa a gabansa, da koriyar ciyawa da kujerun siminti da fitilu reras. Maƙwabtansa manoma suka watse. Shi kam aka dubi furfurarsa aka ɗauke shi aiki, aka ba shi koriyar riga da wando da dogon tiyo.

Ranar farko ya durƙusa ya shafa ciyawar, sai ya ji ba ciyawa ba ce. Roba ce, an shimfiɗa ta kamar darduma.

"Baba, aikinka biyu ne," in ji shugaban ma'aikata, wani matashi mai yawan duba agogo. "Ka wanke mata ƙura kowace safiya. Duk abin da ya tsiro kuma, ka tuge shi."

Da ya koma gida matarsa ta tambaye shi yadda ƙasar take. Ya buɗe baki, kunya ta hana gaskiya fita. "Tana nan da albarkarta," ya ce. Ai kuwa sai baiwar Allah ta cika unguwa da labarin cewa mijinta ne ya mai da gaban otal kore shar, ko rani ba ya taɓa shi. In an yaba masa a hanya sai ya sunkuyar da kai, mutane su ce kai, wannan dattijo akwai sauƙin kai.

Wata huɗu ya yi yana yi wa roba wanka. Wata safiya, a bayan wata kujera inda bakin shimfiɗa biyu suka haɗu, ya ga tsiron tumatir mai ganye huɗu. Ya tabbata irinsa ne da ya kwanta a ƙasa tun kafin zuwan motocin rusau. Ya kasa tugewa. Kullum sai ya ɗiga masa ruwa a ɓoye, ya kife masa guga idan shugaba zai wuce.

Rannan matarsa ta zo ba sanarwa, ta ci ado, da abincinsa a kwano. Tana isowa, shugaba yana ɗaga gugan.

"Haba Baba, mene ne wannan? Ciyawar nan daga waje aka sayo ta, saiwa za ta ɓata mana ita. Tuge shi yanzu."

Mai Lambu ya tsuguna. Ya tuge, a gaban matar da ba ta taɓa ganin ya kashe shuka mai amfani ba. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, to ƙasar ma an rufe ta da roba. Shugaba ya wuce abinsa, shi kuma ya kasa ɗaga ido.

Ita ba ta ko dubi ciyawar ba. Ta juye abincin a murfi, ta tara kwanon a bakin tiyo, ta miƙa masa.

"Malam, sa shi nan tun saiwar ba ta bushe ba, akwai wuri a bayan ɗaki," ta ce a hankali. "Ni fa tun satin farko na sani. Ni ke wanke maka wandon aikin nan, ban taɓa ganin laka a gwiwarsa ba."